Kawu Mai Awon Ruwa da Littattafansa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya rasu ranar Litinin bayan azahar a gidansa da ke Gure, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Ni ina Damagaram, ina gaban allo a lise, wato sakandare, inda nake koyar da ilimin ƙasa, lokacin da waya ta same ni. Ban iso ba sai washegari da hantsi. Ban samu sallarsa ba, ban zuba masa ƙasa ba.

Na tarar da rumfar zana a ƙofar gida maƙil da mutane. Masu lambu sun hauro daga kwari da laka a ƙafafunsu. Makiyaya sun zo daga wajen Kelle sun ɗaure raƙumansu a bayan masallaci. Har wata tsohuwa ta shigo motar kasuwa tun daga Gidigir, tana cikin mata tana kuka kamar ita ta haife shi. Liman ya ce shekara da shekaru bai taɓa waiwayawa sahun farko ya rasa shi ba. Wani dattijo mai gonar rake ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana kira na Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, yana ta maimaitawa, "Mushe, yanzu wa za mu tambaya? Wa zai gaya mana ko mu dasa ko mu haƙura?" Na ce masa Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Amma ba kowane baki ne ya faɗi alheri ba. A gefen tabarma na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "To, ya tafi. Ko wa zai gaji mutanen nasa?" Aljanu yake nufi. Wallahi da ba zaman makoki ba ne da na tashi na ci masa mutunci. Na ɗaga kai na ga babban ɗan Kawu, taubashina da nake ce wa Yaya, shi ma ya ji. Fuskarsa ta yi murtuk, ya miƙe ya shige cikin gida. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka zafin mutuwa ne kawai.

Gaskiya zan faɗa, tun a mota hankalina ya rabu biyu. Rabi yana kan Kawu, rabi yana kan koren akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. A cikinsa akwai littattafai, irin kaye ɗin da ƴan lakwal, wato makarantar boko, suke rubutu a ciki, waɗanda ya cika da awon ruwan ƙarƙashin ƙasar Gure na sama da shekara talatin. Saura kwana goma sha ɗaya masana su zo daga Yamai su karɓe su daga hannunsa, ranar da ya daɗe yana jira. Na ce a raina bari dai a yi sadakar uku tukuna. Bai dace ba in fara zancen takardu alhali ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Bai taɓa taka lakwal ba, allo ya yi, sai lambu. Ina ƙarami wasu Turawa masu binciken ƙasa suka zo da wani shirin aiki da ake ce wa furoje, suka kakkafa tiyo, wato bututu na ƙarfe, a cikin kwaruruka don a riƙa auna nisan ruwa kowane mako. Suka ɗauki matasa biyu masu takardar lakwal suka ba su aikin. Kawu a lokacin ɗan jagora ne kawai, mai nuna hanya tsakanin tuddan rairayi. Shi ya lura matasan nan a gindin goriba suke zama su cika takarda da lambobin da suka zo musu a ka, ba sa zuwa ko'ina. Ya gaya musu a fuskarsu, suka yi masa dariya. Ya gaya wa Turawan, aka karɓi igiyar aka miƙa masa.

Igiya ce mai alamu, da ɗan ƙoƙon ƙarfe a bakinta. Ya zura ta cikin tiyo, ya kara kunne, idan ƙoƙon ya taɓa ruwa sai ka ji ɗum. Da yake bai iya boko ba, da ajami yake rubutu da lambobin Larabci. Yakan tsaga shafi gida-gida, bismillah a sama, ƙarƙashinta harafin farko na sunan kowane kwari da Barbarci, sai lambobi jere har ƙasa. Wani ma'aikaci yana zuwa ƙarshen wata ya kwafe da Faransanci. Bayan ƴan shekaru furoje ya ƙare, motoci suka tafi, ma'aikacin ya daina zuwa. Ranar Alhamis ta zagayo, Kawu ya ɗaura wa jakinsa akumari kamar yadda ya saba.

Matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna, ta tsaya a bakin madafa ta ce, "Malam, yanzu kuma wa kake auna wa?"

Ya ce, "Ruwan bai san furoje ya ƙare ba."

Haka ya ci gaba, da rani da damina, da lafiya da masassara. Ba ya ɗaukar littafi zuwa daji don kada ya jiƙe ko akuya ta cinye. A tafin hannunsa na hagu yake rubuta lambobin da bik, wato biro, ya dawo gida hannu a dunƙule. Duk wanda ya gamu da shi ranar Alhamis ya san ba a tsayar da shi da doguwar gaisuwa. Sauri yake ya kwafe kafin alwalar azahar ta wanke masa aikinsa. Tun da wani jika ya zubar masa da shayi a kan littafi ɗaya, sai ya riƙa rufe ƙofa idan zai yi rubutu. A duk gidan nan babu wanda ya taɓa zama ya duba cikin littattafan sai ni, ni ma sai da na girma na fara koyarwa.

Tsohuwar nan ta Gidigir kuwa da dalilin kukanta. Shekarun baya mijinta ya mutu ya bar mata marayu da lambu, lambun kuma ya bushe, rijiyar ta kafe. Wani mai hali ya matsa mata ta sayar masa a wulaƙance. Ta zo Gure wajen ƴan'uwanta neman shawara, aka kawo ta wurin Kawu. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya daɗe, ya fito ya ce mata, "Kada ki sayar. Kwarinku ruwansa ba ya dawowa tare da damina, baya yake biyo ta. An yi ruwa bana da bara, ki jira." Ya ba ta aron jakinsa na biyu ta riƙa jido ruwa tana raya dabinonta, bai taɓa tambayar ta shi ba har jakin ya mutu a hannunta. Ruwan kuwa ya dawo. Da lambun nan ta aurar da ƴaƴanta.

Daga nan ne maganar aljanu ta tashi. Mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito ya gaya maka abin da ke ƙarƙashin ƙasa, me kake so mutane su ce? Ni abin yana ƙona min rai. Na ce masa, "Kawu, don Allah ka gaya musu awo ne da lissafi."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mushe, idan na ce lissafi ne, kowa sai ya yi gardama da ni. Idan suka ɗauka aljani ne, sai su bi maganata lambunsu ya rayu. Bar su."

A nan Kawu ya yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Yana jin daɗin abin. Yana jin daɗin yadda ake rage murya idan ya wuce. Bai tsaya ya duba wanda abin yake ci ba. Yaya ya yi karatun addini a nesa ya dawo yana wa'azi a wani ƙaramin masallaci, yana hana mutane zuwa wajen bokaye, su kuwa suna ce masa ya fara daga gidansu. Wata rana ya je ya tsaya a kan ubansa ya ce ya buɗe masa akwatin nan ya ga abin da ke ciki. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Da ka zo a matsayin ɗana da na nuna maka. Tunda alƙali ka zo min, sai ka kawo sammaci." Shi ke nan. Ɗan bai sake tambaya ba, uban bai sake tayar da zancen ba. Taurin kai iri ɗaya ne da su.

Rigimarsa mafi girma da wani matashin Bature ya yi ta, shekara huɗu da suka wuce, ina nan na zo hutu, ni na yi musu tafinta. Ya zo da fara'arsa da na'urar ɗaukar hoton takardu, ya ji labarin akwai wani tsoho da bai daina awo ba. Kawu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa fura. Sannan ya tambaye shi, "Awon da na yi wa Turawan farko, ina ya tafi?" Baturen ya buɗe kwamfutarsa ya nuna masa wani dogon rubutu da harshensu, da taswirar Gure, da wani layi mai hawa da sauka. Kawu ya kai yatsa kan layin, ya gane shi nan take, ya ce ga shekarar da rijiyoyi suka kafe. Sai ya ce, "A Yamai akwai wanda yake riƙe da wannan?" Baturen ya ce bai sani ba, amma kowa yana iya nema ya karanta. Kawu ya ce, "Mai gonar rake zai iya?" Bature ya rufe kwamfutarsa. Kawu ya ce in gaya masa ya sha furarsa ya tafi da alheri, littafi ko ɗaya ba zai fita ɗakin nan ba.

Bayan tafiyarsa na yi masa faɗa sosai. Na ce ilimi ba a binne shi a ƙarƙashin gado, ko ba komai ya bar ni in ɗauki hotonsu da wayata. Ya ce hoto ƙafa gare shi, yau yana wayata gobe yana ƙasar da bai sani ba. Sai ya yi min tambayar da ban yi zato ba. "Su idan za su zauna su yi maganar ruwanmu, wa ke zama a madadinmu?" Na yi masa bayani cewa kowace ƙasa tana da majalisar manyan masana kimiyya, ana ce mata akademi. Su ne ke zama da takwarorinsu na wasu ƙasashe, su sa hannu a kan yadda za a yi aiki tare, abin da aka auna a ajiye shi a gida da sunan wanda ya auna, baƙo ya zo ya nema ta hannunsu. Ya gyara zama ya ce, "Ashe muna da su! To, su nake jira. Rubuta musu. Su zo da kansu in danƙa musu, sannan su ba Bature in sun ga dama."

Ga nawa laifin. Shekara biyu cur ban rubuta wasiƙar nan ba. Kullum ya tambaye ni sai in ce ana kai. Ina ganin wa zai bar Yamai ya yi wannan doguwar tafiya saboda kaye ɗin wani tsoho mai jaki? Kunya nake ji, kunyar ajaminsa da lambobinsa, ni mai takardar jami'a. Sai da na ga hannunsa ya fara rawa idan yana zare igiya sannan na zauna na rubuta. Amsa ta zo daga wata Farfesa mai binciken ruwan ƙasa, ta kira ni da kanta tana ta tambayoyi. Aka yi ta shiri, aka tsayar da rana bayan damina. Kawu ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga. Ya jera littattafan bi da bi, ya ɗaure su da kaba goma-goma. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa, "Manyan ƙasa suna tafe wurina."

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, na ja Yaya gefe na ce ya ba ni makullin ɗakin Kawu, akwai amanar da zan fitar. Ya dafa kafaɗata, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Idan akwatin nan ne, kada ka damu, na gama da shi."

"Ka gama da shi yaya?"

"Na buɗe shi shekaranjiya, bayan abin da mutumin nan ya faɗa a rumfa. Hatimi ne tun daga sama har ƙasa. Gida-gida, haruffa a sama, lambobi a ciki, irin na masu duba. Na kai bayan gari na ƙone su duka. Kada ka gaya wa kowa abin da na gani, mu rufa masa asiri."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Yaya, awon ruwa ne. Haruffan sunayen kwaruruka ne, lambobin metir ne da santimetir. Tiyo ɗin da yake zuwa kowace Alhamis, ai ka sani!"

Ya ce, "Na san yana zuwa tiyo. To me ya sa yake rufe ƙofa? Me ya sa da na tambaye shi ya kore ni? Kai ka san kwana nawa na yi ina roƙon Allah kada ya kama min uba da shirka?" Sai hawaye suka zubo masa. "Ubana ne. Yana cikin kabari shi kaɗai. Na yi abin da zan iya ne in rage masa."

Ni da Yaya tun muna yara wasa ne tsakaninmu, ba abin da ba na gaya masa. Ranar na gaya masa maganganun da ba na wasa ba, waɗanda ba zan rubuta su a nan ba. Ya tsaya yana ji bai rama ba. Da na gama ya ce a hankali, "Kai da ka sani, me ya hana ka gaya min?" Shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya da shi, ban taɓa zaunar da shi na zana masa shafi ɗaya a ƙasa ba. Ina ganin ba zai gane ba, ko kuwa ina jin daɗin ni kaɗai na sani, kamar dai Kawu. Na je bayan garin da yamma. Toka ce kawai, iska ta riga ta kwashe rabinta, sai ƴan ƙusoshin da ke riƙe tsakiyar kaye.

Na kira Farfesa na ce kada ta wahalar da kanta. Ta ce za ta zo ta yi ta'aziyya, kuma ta zo, ita da wani abokin aikinta. Ta shiga wajen mata ta gaishe da Inna, ta fito na kai su kwari suka ga tiyo ɗin. Ta zura igiyar Kawu da hannunta, ta ji ɗum, ta rubuta lamba ɗaya a littafinta, ta tsaya tana kallon ta.

Ta ce, "Mushe, tauraron ɗan'adam yana ganin kore da fari daga sama, amma ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashi. Sai an samu wanda ya auna da hannu, shekara bayan shekara, bai yi fashi ba. Idan muka zauna da masanan wasu ƙasashe, kowa yana ajiye nasa awon a kan tebur. Mu sau da yawa zuwa muke mu saurari abin da wasu suka auna a ƙasarmu. Wannan karon na riga na gaya musu muna da namu, na ce su jira su gani."

Na ce, "To yanzu me za ki ce musu?"

Ta ce, "Zan ce musu an yi wani mutum a Gure." Ba ta zarge ni ba, ba ta zargi kowa ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Suka hau motarsu suka kama hanyar Damagaram.

Washegari ina haɗa kayana Inna ta aiko a kira ni ɗakin da take takaba. Tana zaune a kan tabarma da jaririya a cinyarta, autar Yaya, wata huɗu da haihuwa. Ta ce in turo ƙofa. Ta ɗaga rigar yarinyar, sai ga wata sabuwar laya ta jar fata ɗaure a ƙugunta.

Ta rage murya. "Kada ka gaya wa yayanka. Da na ga ya jawo akwatin ya fita neman ashana, na yi maza na yage ganye ɗaya daga wani littafi. Ƙanwata ta kai wa baduku ya ɗinke min. Rubutun Malam ne, ɗana, mai ƙarfi ne. Shekara talatin ina ganin yana rufe ƙofa a kansa."

Na riƙe layar a tafin hannuna, ba ta fi ɗan yatsa biyu ba. Reza ɗaya ta isa ta buɗe ta. Na ce, "Inna, ba magani ba ne. Awon ruwa ne. Shi mutanen Yamai suka zo nema."

Ta dube ni. Sannan ta zare layar daga hannuna. "Ko ma mene ne, hannunsa ne ya rubuta. Shi kaɗai ya rage min. Su suna da takardu da yawa."

Ta sauke rigar yarinyar ta rufe layar, ta ci gaba da jijjiga ta. Ban san watannin wace shekara ce a ciki ba, ta fari ce ko ta ruwa, kuma ba zan taɓa sani ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya ƙafewa. Mu kuma da muka zauna gida ɗaya da shi, ɗaya ya ƙone aikinsa, ɗaya ta ɗinke shi a fata, ɗaya ya san ko mene ne ya yi shiru, Allah ya yafe mana. Na je na nemi gafarar Yaya kafin in tafi, ya yafe min, ni ma na yafe masa. Kaina ne har yau na kasa yafe wa.